Takalmin da na saya don zagayen tabkin Madarunfa

Jama'a ga masu tambayata kan kambas ɗin nan na gwanjo da na ɗauka a babbar kasuwar Maradi, to na gwada shi kuma wallahi ya biya kuɗinshi. Jikka bakwai mai shagon ya ce, muka daidaita a biyar da rabi, dattijo ne mai haƙuri, ya bar ni na saka na taka cikin rumfa kafin in biya.

Mun yi sammako muka tafi Madarunfa muka kama hanyar da ke bin bakin tabki ta ratsa cikin itatuwa, gawo da kuka, har wajen kushewun waliyyan nan 99 da ake ziyara, tafiyar ba wuya can amma akwai rairayi mai zurfi sai kuma laka inda ruwa ya janye, ga gangaren kwazazzabo da damina ta zaizaye. Nan ne na yaba ƙasan takalmin, ƙirar tana kama ƙasa sosai ban zame ba ko sau ɗaya, ƙaya ma ba ta huda ba, abokina mai silifas kuwa yana ta tsayawa cire ta.

Abin da bai min ba, saman yadi ne, ƙarangiya ta manne mishi da igiyar har sai da na zauna gindin gawo ina tsincewa tana sukar yatsa. Kuma yana riƙe zafi in rana ta take.

In za ku saya ku ƙara lamba ɗaya kan taku, ƙafa na kumbura in an daɗe ana tafiya, kuma ku sa safa mai kauri.