Burukutun wata Mama a Bukuru, ku sha a wurin kar ku ɗura a gora

Masu tambayata inda ake samun burukutu na gaske a Bukuru to ga amsa, akwai wata Mama a wajen Kugiya, ba allo ba suna a bango, rumfa ce kawai da benci, amma hannunta kam sai dai a ce sannu da aiki. Jar dawa take sayowa ta jiƙa da kanta, ta bari ta yi tsiro ta shanya a kai niƙa, a dafa a bari ya yi tsami a sake dafawa sannan a bar shi ya tashi, aikin kusan sati ne kafin ya kai bakinka, shi ya sa ba kullum ake samu ba, tana da ranakunta.

Abin da ya sa nake komawa shi ne ajiya. A randar ƙasa take zubawa cikin inuwa, ba durom ɗin roba da ke shan rana ba kamar yadda wasu suka koma yi yanzu, randa tana riƙe sanyi daidai wa daida, ba irin na firji da ke kashe ɗanɗano ba. Kuma sai ta motsa da ludayi kafin ta cika maka ƙwarya don kaurin ƙasa yake kwanciya, in ba a motsa ba na farko ya sha ruwa na ƙarshe ya sha dusa. Ɗanɗano kyauta ne, ka kurɓa tukuna in ya yi maka ka biya.

Ku zo da hantsi, lokacin kumfa na tashi kuma akwai ɗan zaƙi-zaƙi, zuwa yamma ya ƙara ƙarfi da tsami, in ya kwana biyu kuwa sai mai taurin rai. Masu cewa Mama a sa min a gora in tafi gida, abin nan fa bai daina aiki ba, ka toshe murfi gorar ta kumbura ka buɗe ya wanke maka riga. Ita ma takan ce ɗana zauna ka sha a nan.

Ba ta haɗawa da goskolo, wato barasar nan mai ƙarfin tsiya da ake haɗawa a gida, wanda ya san ɓarnar da goskolo ta yi wa samarin Jos ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsala dai benci kaɗan ne, ranar Lahadi bayan an tashi coci a tsaye za ka sha, ga ƙudaje da rana, kuma ba ta karɓar transfa, ku riƙo canji.