Taya ɗakin otal a intanet: Priceline da Hotwire ga mai tafiya Istanbul daga Bauchi

Duk wanda ya saba da kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya san yadda ciniki yake tafiya: ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Wannan tsarin ne kamfanin Priceline na Amurka ya kai intanet a 1998 da sunan Name Your Own Price, wato kai za ka faɗi abin da za ka biya. Da tikitin jirgi aka fara, ɗakunan otal suka biyo baya. Har gobe 'yan kasuwarmu masu zuwa Istanbul saro abaya da kwat da takalma, da masu kai iyali buɗe ido, suna tambaya ko irin wannan hanya tana rage kuɗin masauki da gaske. Tana ragewa. Sai dai da damarka ta fasa tafiya kake sayen ragin, kuma mai tashi daga Bauchi ya fi Ba'amurke buƙatar wannan damar nesa ba kusa ba.

A tsohon tsarin, mutum zai zaɓi shiyyar gari, ya zaɓi yawan taurarin otal, ya rubuta farashinsa, ya saka lambar katin banki. Idan wani otal ya sallama, nan take za a cire kuɗin, sai bayan haka a faɗa maka sunansa. Idan aka ce albarka, sai ka jira awa 24 kafin ka sake tayawa, in ba ka canza shiyya ko kwanan wata ko yawan taurari ba. Gwanaye suna da dabara a nan: su ƙara wata shiyya da suka tabbatar babu otal mai wannan darajar a cikinta, hakan ya ba su damar sake tayawa nan take ba tare da an jefa su inda ba su so ba. An daina tayin tikitin jirgi a 2016, daga baya na otal ma ya bi sahu. Abin da ya rage yau shi ne ɗan'uwansa: Express Deals a Priceline, da Hot Rate a Hotwire, kamfanin da ke ƙarƙashin Expedia, babban kamfanin tafiye-tafiye na Amurka. A nan su ne ke yanka farashi, amma sunan otal yana nan a ɓoye har sai ka biya. Priceline tana da wani mai suna Pricebreakers, inda ake nuna maka otal uku da sunayensu, ka biya, a ba ka ɗaya daga ciki. Wannan ya fi kwanciyar hankali, domin kana iya bincika ukun tukuna.

Dalilin ragin a fili yake. Ɗakin da bai samu mai kwana ba a daren yau ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe kamar buhun masara. Otal ya gwammace ya karɓi kaɗan da ya tashi a tutar babu, amma ba ya son a ga sunansa kusa da farashi mai araha, kada masu biyan cikakken kuɗi su ji an cuce su. Shi ya sa ragin yake fin yawa idan kwanan ya matso, ko a lokacin sanyi da baƙi ke ƙaranci. Daga Yuni zuwa Agusta, da kwanakin hutun sallah, Istanbul cike take, otal ba shi da dalilin sassauta maka. A kuma sani cewa ƙarfin shafukan nan biyu a Amurka yake, zaɓi yana raguwa da zarar an fita daga can.

Babu dalilin da zai sa a yi cinikin biri a sama, domin ana iya gano otal ɗin kafin a biya, ko aƙalla a kusa. Ka buɗe shafi biyu gefe da gefe, ɗaya na ɓoyayyen tayi, ɗaya na jerin otal na yau da kullum, da kwanakin da shiyyar iri ɗaya. Ɓoyayyen tayin yana nuna taurari, da makin da baƙi suka bayar, da kayan more rayuwa kamar wurin wanka ko karin kumallo, sau da yawa har da farashin asali da aka ja wa layi. Ka tace jerin fili da waɗannan alamomi, yawanci otal biyu ko uku ne za su rage. Sai ka karanta abin da baƙi suka rubuta a kansu a watannin baya-bayan nan, ka duba hotunan da su baƙin suka ɗauka, ba na talla ba. Idan akwai ɗaya a cikin ukun da ba za ka yarda matarka ta kwana a ciki ba, ka bar tayin gaba ɗaya, domin yana iya zama shi ne rabonka.

Lissafi kuma a shafin ƙarshe ake yinsa. A ɗauki misali: ɗaki dala 100 a fili, har da haraji da karin kumallo, kuma ana iya fasawa. A ɓoye an rubuta dala 78. Da ka kai wurin biya sai haraji da kuɗin hidima su ɗora, a ce dala 14, ya zama 92. Babu karin kumallo, ku biyu kuna kashe wata dala 10 a waje kowace safiya. Ka ga an wuce 100, ga shi kuma ba a mayar da ko sisi. A ganinmu, idan bambancin ƙarshe bai kai kashi 20 cikin 100 ba, tayin bai cancanci kasadar ba.

Akwai kuma abin da tayin bai yi alkawari ba. Ɗakin mutum biyu ne aka lamunce, ba a lamunce irin gadon ba. Abokan kasuwanci biyu suna iya tarar da gado ɗaya, miji da mata su tarar da ƙananan gadaje biyu a rabe. Mai tafiya da yara uku ya kama ɗaki biyu, ko ya bar wannan hanya. Kuma tunda kai ne ka biya mafi ƙanƙanta, kada ka yi mamaki idan ɗakin da ya fi matsi, ko wanda tagarsa ke kallon bango, ya faɗo kanka. Maganin wannan shi ne imel. Da zarar sunan otal ya bayyana, ka rubuta musu da lambar rasit ɗinka, ka tabbatar sunanka ya shiga kwamfutarsu kamar yadda yake a fasfo, ka roƙi irin gadon da kake so da ɗaki mai taga, ka faɗi lokacin da za ka iso. Sau da yawa suna yi idan an roƙa da wuri kuma da ladabi.

Inda namu ya fi shiga matsala shi ne jerin abubuwa, wanne kafin wanne. Alhaji, kada ka sayi ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba. Don takardun neman biza, ka kama ɗakin da ake iya fasawa kyauta, ka rubuta ranar ƙarshe ta fasawa a inda za ka gani. Sai biza ta shiga fasfo, tikiti ya tabbata, sannan ka duba ɓoyayyen tayi. In ya fi, ka saya, ka soke na farko, ka buga sabuwar takardar a riƙe a hannu don jami'an shige da fice.

Sai maganar hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, jirgin da zai ɗauke ka daga filin Sir Abubakar Tafawa Balewa zuwa Abuja yana iya makara ko a soke shi saboda matuƙi ba ya ganin ƙasa. Ka rasa na Abuja zuwa Istanbul, ka rasa daren farko. Ƙa'idar otal kuwa ita ce wanda bai zo daren farko ba kuma bai yi magana ba, ana iya soke duk sauran kwanakinsa, kuɗi kuma sun tafi. Don haka a lokacin hunturu ka sauka Abuja kwana ɗaya kafin tashi, ko da ta mota ce ta hanyar Jos. In kuma an samu tsaiko, ka kira otal tun kana filin jirgi, ka bi da imel don ya zama shaida. Agogon Istanbul yana gaban namu da awa 2, a riƙa lissafi da shi. Haka nan mai sauka da asuba ya sani ba a ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 na rana. Ko dai ya ajiye jakunkuna wurin masu tarbar baƙi ya fita, ko ya biya daren da ya gabata ya sanar da su cewa da safe zai shigo.

Katin banki ma yana da nasa rikicin. Katin naira yana da iyakar abin da zai biya a waje, kuma iyakar ta bambanta daga banki zuwa banki, tana kuma canzawa. Katin asusun dala ya fi tabbas. Ka je reshen bankinka ka tambaya kafin ranar biya, ka kuma tabbatar lambar sirrin da ake turowa ta waya za ta same ka bayan ka bar Najeriya. A otal, wasu suna riƙe wani abu a katin a matsayin ajiya saboda ɓarna ko abin sha na firji. A katin cire kuɗi wannan riƙon yana rage abin da ke hannunka, kuma yana iya ɗaukar kwanaki kafin ya dawo, gara ka tambaya ko za su karɓi tsabar kuɗi su ba ka rasit. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: tun 2017, bisa hukuncin wata kotu a Turkiyya, ba a iya kama otal ɗin ƙasar ta shafin kama otal na Booking.com daga cikin ƙasar. Duk abin da za ka kama ta wannan shafin, ka gama shi tun kana gida.

Shiyya ita ce rabin tafiyar. Filin jirgin Istanbul ya fi kilomita 40 daga tsohon gari, saboda haka otal mai taurari biyar da araha a "kusa da filin jirgi" zai cinye ragin a kuɗin tasi da cunkoso. Ka buɗe taswirar shiyyar ka ga iyakarta, domin ana iya ajiye ka a can ƙarshen layi. Abin nema shi ne kusanci da tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba T1, wanda ya ratsa Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet, Sirkeci da Eminonu. Ɗan kasuwa Laleli da Aksaray ne nasa, kusa da shaguna da masu aika kaya. Mai iyali Sultanahmet ko Sirkeci, amma ya tambaya ko akwai na'urar hawa bene, domin ƙananan otal da yawa a can tsofaffin gidaje ne masu ƙunƙuntar matakala, ga titunan dutse da tudu. Dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta sha wuya. Shiyyar Taksim tana da otal masu kyau, amma wasu lungunanta mashaya ce da kiɗa har tsakar dare, kuma a ɓoyayyen tayi ba kai ke zaɓen lungu ba.

Wajen yawon gari, a tsara kwanaki bisa ranakun da wurare ke rufewa. Babbar kasuwar rufi ta Beyazit ba ta buɗewa ranar Lahadi, fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, ta Dolmabahce kuma Litinin. Saboda haka Lahadi ta Topkapi ce, a isa ƙofa da sassafe kafin layi ya yi tsawo, a ware mata awa uku ko huɗu. A nan ne ɗakin kayan tarihin Manzon Allah (SAW) da na sahabbai yake, ana karatun Alƙur'ani a ciki ba yankewa, kuma nan ne layi ya fi cika. Da fitowa Aya Sofiya tana nan kusa, ginin shekarar 537 da Sarki Muhammad Alfatih ya mayar masallaci bayan cin garin a 1453, aka sake buɗe shi don sallah a 2020. Tun Janairun 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan kuɗi ya hau benen sama, mai shiga sallah kuwa ba ya biya. Masallacin Sultan Ahmad yana fuskantarsa, tafiyar minti biyar. Talata a bar wa kasuwa da masallacin Sulaimaniyya da ke saman tudu bayanta. Juma'a a hau tiram T5 daga Eminonu zuwa Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyub Al'ansari yake, a je da wuri don harabar tana cika tun kafin huɗuba. Katin Istanbulkart guda yana biyan tiram da bas da jirgin ruwa, kuma tsallakawa daga Eminonu zuwa Uskudar a jirgin ruwan haya ya ishi mai son ganin mashigin Bosforus ba tare da biyan tsadar masu yawon buɗe ido ba.

Hukuncinmu: ɓoyayyen tayi ya dace da mutum ɗaya ko biyu masu kwana biyu zuwa huɗu, masu biza a hannu, masu neman babban otal a lokacin da gari ba cika. Pricebreakers ya fi Express Deals da Hot Rate aminci ga wanda bai san garin ba. Ɗan kasuwar da zai yi mako guda ko fiye a Laleli kuwa, tayin gaske yana nan a hannunsa. Ya duba farashin otal ɗin a intanet, ya rubuta musu kai tsaye ta imel ko WhatsApp, ya faɗi yawan kwanaki da ɗakuna, ya taya ƙasa da abin da ya gani. Otal yana biyan shafukan nan la'ada a kan kowane ɗaki, don haka yana da sararin da zai rage maka kuma bai faɗi ba. Idan sun sallama, ka nemi su rubuto farashin, da karin kumallo, da haraji, da sharaɗin fasawa a saƙo ɗaya, ka kuma ce sai ka iso ka ga ɗakin za ka biya.