Masu gadin kamfani ko 'yan sintirin unguwa: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ƙungiyar unguwarku ta rabu gida biyu bayan ɓarayi masu haura katanga da masu ƙwacen waya sun addabe ku: wasu na son a ɗauko masu gadi daga kamfani, wasu kuma na cewa a kafa 'yan sintiri daga cikin matasan unguwa, kuma ka nemi a gwada maka hanyoyin biyu kafin zamanku na gaba.

Ta fuskar doka, mai gadin kamfani yana da gindin zama. Tun 1986 akwai dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu a Najeriya, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa musu ido, saboda haka kuna da damar neman kamfanin ya nuna muku lasisinsa, ku kuma je ofishin hukumar ku tabbatar kafin ku sa hannu a kan komai. Wannan doka ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga, abin da masu goyon bayansu kan manta. 'Yan sintirin unguwa kuwa ƙarfinsu a doka bai wuce na kowane ɗan ƙasa ba: suna iya kama wanda suka gani yana aikata laifi, amma wajibi ne su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ba su da hurumin tsarewa ko duka ko cin tara. Shiga ƙarƙashin ƙungiyar 'yan sintiri ta ƙasa da aka yi wa rajista a 1999 yana ba su kaki da tsari, amma ba ya mayar da su 'yan sanda.

Kuɗi shi ne inda aka fi yin kuskuren lissafi. A ɗauka gidaje 100 gare ku, kuna buƙatar masu gadi huɗu, biyu da rana biyu da dare. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, albashi kaɗai ya kai naira 280,000 a wata, wato naira 2,800 a kan kowane gida, kafin a ɗora ribar kamfani da kuɗin ɗakin gadi da fitilu. Kuma wannan lissafi ne na ranar da kowa ya biya, alhali duk wanda ya taɓa riƙe littafin karo-karo ya san akwai 'yan haya da za su ce a tambayi mai gida, akwai gidajen marayu da zawarawa da bai dace a matsa musu ba, akwai kuma mai hali da zai ce shi yana da nasa mai gadi. Sintiri ya fi araha a farko, domin tocila da usur da takalmin ruwa da kuɗin shayi ba su kai albashi ba. Sai dai aikin sa-kai na dare yana da wa'adi. Matashin da ya kwana yana zagaye kuma gari ya waye yana da shago ko makaranta, ba zai jure ba har abada, kuma idan ba a ba shi alawus tsayayye ba, to ko dai ya janye a hankali, ko ya fara neman na goro a hannun masu wucewa.

Wajen sanin wuri, babu haɗi. Ɗan unguwa ya san kowane lungu da kango, ya san gidan da ake sayar da ƙwaya, ya san baƙon fuska tun daga nesa. Abin da ya sa matasan kato-da-gora suka yi tasiri a yaƙi da Boko Haram a Maiduguri daga 2013 ke nan, domin sun san mutanen da soja bai sani ba. Mai gadin kamfani baƙo ne, aikinsa ƙofa da littafin shige da fice, kuma kamfani na iya sauya shi kafin ya haddace fuskokin masu gidaje.

Amma wannan sanin da ɗan unguwa ke da shi, shi ne kuma rauninsa, kuma a nan nake so ƙungiyarku ta fi tsayawa. Idan ɓarawon ɗan maƙwabci ne, ko ƙanen abokinsa, zai yi wuya ya kai shi caji ofis. Idan kuma baƙo ne marar gata, sai hannu ya yi nauyi. Mun ga yadda ihun "ɓarawo" ke ƙarewa da gawa kafin a tambayi mutum sunansa, kuma mu 'yan Arewa mun ɗanɗana ɗacin wannan a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo bayan 'yan sintirin garin sun tare motarsu a kan hanyarsu ta zuwa Kano. A Zamfara da Katsina ma, kashe-kashen da 'yan sa-kai suka yi ba tare da shari'a ba suna cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya, shi ya sa daga baya gwamnatocin jihohin biyu suka kafa nasu dakarun da aka tantance aka horar, Katsina a 2023, Zamfara a 2024. Mai gadin kamfani idan ya yi barci a bakin aiki ko aka haɗa baki da shi, akwai yarjejeniya a rubuce, akwai ofishin da za a kai ƙara, a sauya shi gobe. Korar ɗan sintiri kuwa korar ɗan wani ce da kuke haɗuwa da shi a sahu ɗaya sau biyar a rana.

Ra'ayina shi ne fasalin unguwarku ya yanke hukunci. Idan sabuwar unguwa ce mai hanyar shiga ɗaya ko biyu, yawancin mazaunanta masu albashi ne da ke fita tun safe, to masu gadin kamfani sun fi muku, ko da za ku fara da na dare kaɗai. Idan kuwa tsohuwar unguwa ce mai lunguna barkatai wadda ba ta rufuwa, mai gadi a ƙofa ɗaya asarar kuɗi ce, sintiri ya fi, amma da sharuɗɗan da ba a sassautawa. Kowane ɗan sintiri ya kawo dattijo biyu da za su tsaya masa, mai unguwa ya sa hannu, a kai sunayensu da hotunansu ga baturen 'yan sandan yankinku, a nisanci ɗaukar wanda aka sani da daba ko shaye-shaye da sunan "shi ya san su". A rubuta ƙarara cewa babu duka, babu ɗakin tsare mutane, babu makamin da doka ba ta yarda da shi ba, kuma duk wanda aka kama a kira 'yan sanda a daren.

Ko wace hanya kuka bi, ku fara gyara ƙungiyar kanta. Ku yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ku buɗe asusun banki da sunanta wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu, ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane zama, a kuma liƙa shi a allon masallaci. Ku sa wakilin 'yan haya da wakiliyar mata a cikin kwamiti, domin su ne suka fi sanin abin da ke faruwa a unguwa da rana. Idan za ku sa ƙofar ƙarfe a titi, ku nemi izinin hukumar tsara birane tukuna, ku kuma tabbatar akwai mai mabuɗi a wurin duk dare saboda mai naƙuda da motar kashe gobara.