Shagon karak na bayan tashar Al Rigga

Wata takwas ke nan ina karyawa a wani ɗan shagon shayi da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, a unguwar Deira ta Dubai. 'Yan jihar Kerala ta Indiya ne ke riƙe da shi, kamar yawancin shagunan da ake kira kafiteriya a garin nan. Tebur huɗu ne a ciki da kujerun roba, sai wata tsohuwar fanka da ke taya na'urar sanyaya ɗaki aiki, don ita kaɗai abin ya fi ƙarfinta. Mai neman inda zai kai baƙo ya burge shi, ya wuce gaba.

Ina aiki ne a wani kamfani mai samo wa otal-otal da kamfanonin tsaro ma'aikata. Mu goma sha ɗaya ne a ofis, akasari Indiyawa, da 'yan Filifin biyu, da Bamisire ɗaya, sai wata 'yar Ingila da ke shugabantarmu. Makon farko saura ƙiris in haɗa kayana. Ni na saba in shiga ofis in bi kowa da ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Nan kuwa kalma ɗaya za a jefo maka, mutum ko ɗagowa daga kwamfuta bai yi ba. Shugabar ta ce in bar ce mata madam, in kira sunanta gatsal. Baki ya ƙi. Ranar da ta tambaye ni dalilin da ya sa nake sunkuyar da kai in tana magana, ko akwai abin da nake ɓoyewa, na rasa ta inda zan faro mata bayanin kunya.

Wani abokin aikina Ba'indiye, wanda ya ba ni shekaru goma, shi ya ja ni shagon. Ya ce in zo in sha karak in saki fuska.

Karak baƙin shayi ne da ake tafasawa tare da madarar gwangwani da sukari da kadamon, wani kayan ƙamshi, har ya yi kauri, a zuba a ƙaramin kofin takarda. Dirhami ɗaya da rabi suke sayarwa. Mai shayin unguwarmu a Kano ya fi su cika kofi nesa ba kusa ba, amma nasu ya fi kama jiki. Aibinsa sukari. Na gaji da roƙon a rage mini, yaron zai gyaɗa kai ya kawo shi yadda ya saba. Abin da ya riƙe ni shi ne porotta, wata gurasa mai falle-falle da ake gasawa da mai a kan ƙarfe, a naɗe soyayyen ƙwai a ciki, a marmashe Chips Oman, wani soyayyen dankalin leda, a kai. Da zafinta ake ci, in ta huce ta koma roba. Jan barkonon kwalba da suke tsiyayawa tsami ya fi yawa a cikinsa, shi ya sa na zo da yajin ƙulina daga gida. Mai shagon ya lasa, ya ɗaga gira, ya karɓi kwalbar ya ajiye mini a bayan kanta. Ina lura tana raguwa fiye da cin da nake yi, ban dai ce komai ba.

Ashe duk gaisuwar da ba a yi a ofis, a teburin nan ake biyan bashinta. Mutumin da bai ɗago ya dube ni da safe ba, shi ne zai tambayi jikin mahaifiyata, ya nuna mini hoton 'yarsa. A nan Bamisiren ya koya mini cewa in manajan otal ya ce in sha Allahu bai faɗi rana ba, to in sake buga masa waya jibi. A nan aka warware mini dokar ƙwadagon da ta fara aiki a Fabrairun 2022: ba a karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci, ba a riƙe masa fasfo, gwajin sabon ma'aikaci kuma ba ya wuce wata shida. Na ji wannan ya tsaya mini a wuya, don na san mutanen da suka sayar da fili suka danƙa wa dillalai a gida. Tsofaffin ma'aikata har yau suna ƙorafin mayar da hutun mako zuwa Asabar da Lahadi da aka yi a farkon 2022. Ni dariya nake yi, ai haka muka taso a Kano.

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba hukuma na hana aiki a cikin rana daga 12:30 zuwa 3:00, to a lokacin kada ka sa ran kujera. Leburori da masu kai saƙo a babur ne ke cika wurin. Wata rana a cikin cunkoson sai ga wani yaro ɗan zangon Kumasi da na taɓa yi wa tambayoyin ɗaukar aikin gadi. Yana ganina ya durƙusa har ƙasa, kofi a hannu: “Maigida, sannu da hutawa.” Na kama kafaɗarsa na ɗaga shi, muka jera gaisuwa sai da ta ƙare. Abokan aikina suka yi tsit suna kallo. A hanyar komawa ɗaya daga cikin 'yan Filifin ɗin ta ce yau ta gane abin da nake ta ƙoƙarin yi musu kullum da safe. Su ma, in ji ta, suna kai hannun babba goshi.

Abin da ke ba ni haushi a shagon: mai mota ya tsaya a waje ya danna hon, yaro ya fita da gudu ya sallame shi, kai da ke tsaye tun ɗazu ka ci gaba da jira. Biriyaninsu na rana a bushe yake, kazar kamar an ba ta haƙuri kafin a yanka. Samosa bayan la'asar ɗanɗanon tsohon mai gare ta. Ba su da banɗaki. Suna karɓar kati, amma ka riƙe tsaba, don fuska na canzawa in ka miƙa kati a kan kofi ɗaya.

Makon jiya muka lallaɓa shugabar ta biyo mu. Ta kurɓa sau biyu ta ce sukari ya yi yawa, ta cinye porotta ɗaya da yajina tana share hawaye. Ta sake tuna mini maganar suna. Na ce, “To, madam.”