Famfon baho: na ƙasa ko na bango?

Hajiya kin tambaya a ina za ki sa famfon bahon wankan nan da kika sayo, baho mai zaman kansa wanda ba a gina shi jikin bango, ko a dasa dogon famfo daga ƙasa ko a fito da shi ta bango. To ya danganta da inda bahon zai zauna.

Na ƙasa shi ne mai kyan gani kam, tsayinsa kusan mita 1 ne, bakin baho kuma yawanci santimita 55 zuwa 60, kinga ruwa zai zubo daga sama ba tare da bakin famfon ya taɓa baho ba. Amma fayif biyu, na zafi da na sanyi, sai sun bi ta cikin kankare tun kafin a sa tayil, kuma yana da gindi da ake ɗaurewa da noti a jikin kankaren, in fulamba ya yi ha'inci ya ɗaure shi a tayil kawai to duk ranar da yaro ya dafa zai fara rawa, daga rawa sai yoyo, yoyon ƙarƙashin tayil kuwa ba ya gyaruwa sai an fasa, in bene ne ma silin ɗin ƙasa ne zai fara ba ki labari.

Na bango ya fi sauƙin kuɗi da gyara, a sassaƙe bulo a binne fayif shikenan, ga wajen goge ƙasa ba abin da zai tare mopa. Matsalarsa ɗaya, dole bahon ya matso bango, kuma bakin famfon ya yi tsawon da zai tsallake tazarar da kaurin bakin baho. Ki bar kamar santimita 10 zuwa 15 a baya don hannu ya shiga wanki, shi ya sa gajeren famfo ba zai yi ba.

Ni dai in bahon jikin bango zai zauna, na bango zan sa ba ko tantama. Na ƙasa sai in tsakiyar banɗaki ne ko gaban taga.

Sai kuma ki duba magudanar bahon. In a ƙarshe take, famfo ya je can wajen ƙafa, ba inda ake jingina baya ba. In a tsakiya take, ya tsaya a tsakiyar gefen da ba ta nan ake shiga ba, kar mutum ya riƙa karo da shi da jiƙaƙƙen jiki.

Wani abu da masu shago ba sa faɗa shi ne ƙarfin ruwa. Tankin sama duk mita 10 na tsayi kusan bar 1 (ma'aunin ƙarfin ruwa) yake bayarwa, yawancin tankunanmu ba su kai nan ba, ga bahon nan wasu na cin lita 200 ko fiye, ki karanta takardar famfon ki ga ƙarfin da yake so, in ya fi naki sai an ƙara injin tura ruwa. Hita mai lita 30 ma ba za ta wadatar da shi ba.

Kafin mai tayil ya zo a kawo bahon a ajiye shi a wajensa, ki shiga ki zauna ki miƙa hannu, inda ya kai ba wahala nan fulamba zai sa alama da alli.