Gidan gas ɗin da ba sa cika tukunya har wuya

Jama'a masu tambayata ina nake ɗura gas yanzu, na koma wani gidan gas ne a hanyar Zariya nan Kano, ba irin shagunan nan na cikin unguwa ba da za ka ga ana juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama ga mai shayi da wutarsa a gefe.

Abin da ya sa na liƙe musu shi ne ba sa cika tukunya maƙil. Sai sun ɗora ta a sikeli babu komai, su duba nauyin da aka buga a jikinta, sannan su zuba kilo 12.5 ɗinka su tsaya, ko ka ce a ɗan ƙara maka ba za su yi ba. Wani dattijo ya yi ta faɗa wai ƙwararsa ake, yaron da ke ɗurawa ya ce masa Baba ai gas ɗin nan ruwa ne a cikin tukunya, propane da butane ne aka matse, in zafi ya buge shi kumbura yake, dole a bar masa wajen kashi 20 cikin 100 fili, balle zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40. Wallahi yaron ya burge ni.

Bayan sun ɗura kuma sai sun shafa ruwan kumfa a bakin bawul, in ya yi ƙwai to akwai yoyo, a canza robar nan take. A nan na ga an mayar da wata tukunya da tsatsa ta cinye gindinta, suka ce ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, shekara 15 ce ga tukunya, matar da ta kawo ta ta yi magiya har da rantsuwa amma ina.

Su ne ma suka sa na fitar da tawa daga kicin na ja tiyo. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya bi lungu, shi ya sa tagar sama kaɗai ba ta wadatarwa. Kuma warin nan da muke ji ba nasa ba ne, wani sinadari ake zuba masa don hanci ya kama. In kin ji shi Hajiya kar ki taɓa makunnin wuta, ko kunnawa ko kashewa, rufe regileta ki buɗe ƙofa a fita waje.

Matsalarsu dai layi, musamman Asabar da yamma, ga babu rumfa sai dai rana ta gasa ka, kuma POS ɗinsu kullum ba netwok, ka tafi da tsabar kuɗi. Mai adaidaita ma sai ya kashe inji tun daga get, wasu har su yi ta ƙorafi, kuma ba sa barin a kwantar da tukunya a bayan keke, a tsaye za ka riƙe ta har gida.