Gargaɗi ga masu sayen mota mai jan ƙafa huɗu: ku leƙa ƙarƙashinta kafin ku biya

Ina jan hankalin duk mai shirin sayen mota 'yar Kwatano da aka ce tana jan ƙafa huɗu, domin wasu dillalai suna sayar da motocin da aka kashe wa wannan aiki a farashin masu lafiya. Ƙanena ya faɗa hannun irinsu da wata Toyota RAV4 ƙirar 2008, kuma bai gane ba sai da damina ta zo motar ta maƙale a taɓo, ƙafafun gaba suna ta wulwulawa, na baya kuwa ko motsi ba su yi ba.

Sai an san yadda abin yake aiki za a gane inda ha'incin yake. A irin wannan mota, ƙafafun gaba ne suke ja a yawancin tafiya. Akwai wata ƙaramar kwamfuta da take karɓar bayani daga na'urorin da ke auna gudun kowace ƙafa, da yadda direba ya taka totur, da yadda ya murɗa sitiyari. Idan ta ga ƙafafun gaba sun fara santsi, sai ta tura wuta zuwa wani kuloci mai maganaɗisu da ke gaban aksul na baya, shi kuma ya kama, ƙarfin inji ya bi ta farfela, wato dogon ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya, ya isa ƙafafun baya. A kan kwalta busasshiya mai saye ba zai ji bambanci ba ko da an kashe tsarin gaba ɗaya, kuma a nan macutan suke fakewa.

Idan kulocin ya lalace ya fara ƙara, maimakon su gyara, sai su kwance farfela su ajiye, su goge alamun matsala da na'urar gwaji, wani lokaci har su toshe fitilar gargaɗi ta jikin dashbod. Akwai kuma masu liƙa tambarin 4WD, wato alamar jan ƙafa huɗu, a bayan motar da tun daga masana'anta ƙafa biyu take ja, tunda an sayar da RAV4 iri biyu a Amurka.

Saboda haka a je da bakanike wanda ba na dillalin ba, a hau rami da motar, a tabbatar da ido cewa farfela tana nan kuma wayar da ta shiga kulocin baya tana jone. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a duba ko fitilar 4WD ta kama tare da sauran, domin wadda ba ta kamawa sam mai yiwuwa an taɓa ta. A bincika lambar shasi, ita za ta nuna irin motar da aka ƙera. Dillalin da ya sayar wa ƙanena ya ƙi yarda a hau rami, yana cewa wani mai saye yana hanya da kuɗi a hannu.